Sata a matsayin sana'a: yadda ɓarawon birni ya rayu a Landan ta ƙarni na 19

A shekarar 1869 majalisar dokokin Birtaniya ta kafa wata doka da ta ware wasu mutane ta kira su riƙaƙƙun masu laifi. Duk wanda kotu ta kama da babban laifi karo na biyu, to bayan ya gama zaman kurkukunsa 'yan sanda za su ci gaba da sa masa ido har shekara bakwai. In aka zarge shi, kuma ya kasa gamsar da alƙali cewa da guminsa yake ci, sai a mayar da shi gidan yari har tsawon shekara guda, ko da ba a kama shi da allurar kowa ba. Ƙa'idar da aka sani ita ce mai ƙara ne ke kawo hujja. Wannan doka ta ɗora wa wanda ake zargi nauyin wanke kansa.

Su wane ne waɗannan mutane, kuma me ya sa ƙasar da ta fi kowace arziki a lokacin ta firgita da su har haka? Ba za a gane dokar ba sai an bi rayuwar ɓarawon tun daga ɗakin da ya kwana yana yaro, zuwa shagon da yake sayar da kaya, zuwa ranar da aka buɗe masa ƙofar kurkuku.

Ɓarawo iri-iri ne

Kalmar ɓarawo tana tattara mutanen da babu abin da ya haɗa su. Akwai wanda ya ɗauki abu sau ɗaya don yunwa ko don ya ga banza ta faɗi: 'yar aikin gida da ta ɓoye cokalin azurfa, ɗan dako a tashar jiragen ruwa da ya cika aljihu da sukari, lebura da ya sure rigar da aka shanya. Irin waɗannan su ne mafi yawan masu tsayawa gaban alƙalai. Akwai na biyu, wanda ya saba shiga da fita gidan yari kan ƙananan abubuwa, yau wata uku gobe wata shida, in ya samu ƙwadago ya yi, in aiki ya tsaya ya koma 'yar gidan jiya. Sai na uku, wanda sata ce sana'arsa: ya koye ta wurin wani, yana da kayan aiki da abokan aiki, kuma ya san inda zai kai kaya tun kafin ya ɗauko su.

A cikin wannan rukuni na uku ma daraja hawa-hawa ce. A ƙasa akwai yara 'yan sane masu zare hankici. Sama da su akwai masu yankan aljihu da ke shiga irin ta attajirai, su bi filin tseren dawaki da tashar jirgin ƙasa da ƙofar gidan wasan kwaikwayo. Ba su aiki su kaɗai: wani ya bangaje ka, wani ya zare agogon aljihunka ya miƙa wa na uku, na ukun ya sulale, ta yadda ko ka cafke mai zarewar ba za a samu komai a jikinsa ba. Mata sun fi ƙwarewa a shagunan yadi, da manyan siket masu ɓoyayyen aljihu. Can ƙoli kuma sai masu fasa gidaje da akwatunan ƙarfe.

Birnin da ya raine shi

A 1801 mutanen Landan kusan miliyan ɗaya ne. Zuwa 1901, in an haɗa da unguwannin kewaye, sun haura miliyan shida. Dukiya ta fito fili: shaguna masu tagar gilashi, rumbuna a bakin kogin Thames maƙare da shayi da siliki da taba. Tafiyar 'yan mintoci daga titin masu kuɗi kuma sai ka faɗa unguwanni irin su St Giles da Saffron Hill da Whitechapel, inda iyali guda ko fiye ke cunkushe a ɗaki ɗaya, lunguna na shiga cikin lunguna, wanda ya san hanya zai ɓace wa mai binsa cikin ƙiftawar ido.

Aikin talaka a birnin na yau-da-gobe ne. A ƙofar tashar jiragen ruwa ɗaruruwan maza ke taruwa kowace safiya, a zaɓi kaɗan, sauran su koma hannu rabbana. Wanda ya rasa yadda zai yi, dokar talakawa ta 1834 ta tanadar masa gidan aiki na hukuma, inda ake raba miji da mata da 'ya'ya, aka kuma tsananta zaman da gangan don kada kowa ya so shiga.

Tsaro kuwa sabon abu ne. Sai a 1829 ministan harkokin cikin gida Robert Peel ya kafa rundunar 'yan sandan Landan, sashen 'yan sandan farin kaya kuma sai a 1842, da mutum takwas kacal. Tsawon yawancin ƙarnin, wanda aka yi wa sata shi ne ke shigar da ƙara ya bi sawunta da lokacinsa. Da yawa sukan haƙura.

Yadda yaro ke shiga

Ƙofar shiga sana'ar, ga mafi yawa, ita ce gidajen kwana masu arha, inda ake biyan kwabo biyu zuwa huɗu a dare. (Lissafin kuɗinsu shi ne wanda iyayenmu suka sani kafin zuwan naira: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya.) A ɗakin girkin irin wannan gida maraya ɗan shekara goma zai zauna kusa da wanda ya yi zaman kurkuku sau biyar. Yau an ba shi ragowar abinci, gobe an ce ya tsaya a kusurwa ya yi gadi, jibi an fara gwada hannunsa a aljihun maigidan nasa har ya iya zarewa ba a ji ba. Masu fasa gida kuma suna neman ƙananan yara masu siririn jiki da za a zura ta ƙaramar taga su buɗe ƙofa daga ciki.

In yaron ya shiga hannu, sau da yawa a farkon ƙarnin kurkukun manya ake kai shi. Can zai ƙarasa karatunsa.

Wani ɗan jarida, Henry Mayhew, wanda ya riƙa bin talakawan Landan yana rubuta bayanansu a jaridar Morning Chronicle, ya tara irin waɗannan yara da samari kimanin 150 a wani ɗakin makaranta a farkon 1850. Da aka sanar cewa ɗaya daga cikinsu, mai shekara 19, ya shiga kurkuku sau 29, sai ɗakin ya kaure da tafi da shewa, yara duka suka miƙe tsaye don su hango shi. A taron dai Mayhew ya ba wani da ya sha ɗauri fam ɗaya na zinariya ya ce ya je ya yo canji. Ɗakin ya yi tsit ana jira. Da yaron ya dawo da kuɗin cif, aka sake ɓarkewa da tafi. Abubuwan nan biyu sun faru a zama ɗaya, daga yara ɗaya, kuma duk mai son fahimtar wannan rayuwa dole ya riƙe su tare: ɗauri ya zama abin alfahari a wurin da babu wata hanyar samun daraja, amma sanin girman amana bai mutu ba.

Ɓarawon zaune

Agogon zinariya a aljihun yaro mai tsumma ba kuɗi ba ne, shaida ce a kansa. Sai ya zama kuɗi ne ta hannun mai sayen kayan sata, wanda Hausawa ke kira ɓarawon zaune, kuma shi ne ginshiƙin sana'ar duka. A wani lungu mai suna Field Lane, kusa da Saffron Hill, hankicin siliki ake ratayewa reras a ƙofar shaguna, an riga an tsefe zaren da mai shi ya saƙa haruffan sunansa. Azurfa da zinariya tukunyar narkarwa ake jefa su. Agogo a sauya masa lamba ko a raba injin da gidansa. Masu shagon jingina, masu sayen tsumma da tsofaffin ƙarafa, masu gidajen kwana da mashaya, da yawansu mata, wasu daga cikinsu sun haɗa halattaccen ciniki da wannan.

Ɓarawon zaune ne ke yanka farashi, kuma ɗan kaso kaɗan na darajar kaya yake biya, domin ya san mai kawowa ba shi da inda zai kai ƙara. Shi ke ba da bashi, shi ke cewa ga irin kayan da ake nema. Haɗarin titi na yaron ne, riba ta mai shago ce.

Wanda ya fi suna a Landan shi ne Ikey Solomon. A 1827 ya tsere daga hannun masu tsaronsa ya bar ƙasar, aka kama matarsa Ann aka tura ta tsibirin Tasmaniya da ke Ostireliya, shi kuma ya bi ta can da ƙafarsa. Aka kamo shi aka dawo da shi Landan, aka yi masa shari'a a 1830, aka sake mayar da shi Tasmaniya ɗaurin shekara 14. Can ya mutu a 1850. A New York ma haka tsarin yake: Fredericka Mandelbaum, mai shagon yadi a titin Clinton, ta shafe shekaru tana sayen kayan sata, tana biya wa ɓarayinta beli da lauyoyi. Sai a 1884 masu binciken kamfanin Pinkerton mai zaman kansa suka kama ta da silikin da aka yi wa alama a ɓoye. Ta tsallake beli ta gudu Kanada, inda ta rasu a 1894.

Gwanayen ƙoli: satar zinariyar jirgin ƙasa

Don a ga bambancin ɗan sana'a da mai satar yunwa, a dubi abin da ya faru a daren 15 ga Mayu 1855. Jirgin ƙasa ya tashi daga tashar London Bridge zuwa garin Folkestone na bakin teku ɗauke da zinariya ta kimanin fam 12,000 da za a tsallaka da ita Faris. Zinariyar na cikin akwatuna da aka ɗaure aka buga wa hatimi, akwatunan kuma na cikin akwatin ƙarfe na kamfanin Chubb mai makulli biyu.

Mutum huɗu suka shirya aikin: William Pierce, tsohon ma'aikacin kamfanin jirgin, William Tester, akawu a ofishin kamfanin, James Burgess, mai gadin taragon kaya, da Edward Agar, wanda ya daɗe yana rayuwa da sata da takardun bogi. Watanni suka ɗauka suna shiri. Agar ya ɗauki zanen makullan biyu a kan kakin zuma, ya ƙera nasa, sannan ya riƙa shiga taragon Burgess a tafiye-tafiye daban-daban yana gwadawa yana gogewa har suka buɗe sumul. Suka sayi ƙananan harsasan dalma masu nauyi daidai da zinariyar. A daren, jirgi na gudu, aka buɗe akwatunan, aka kwashe zinariya, aka zuba dalma, aka mayar da ɗauri da hatimi. Sai da aka isa Faris aka buɗe aka tarar da dalma. Fiye da shekara guda Ingila da Faransa na nuna wa juna yatsa kan inda satar ta auku.

Bincike bai tona su ba. An kama Agar ne kan wani laifi na cekin bogi, aka yanke masa hukuncin kora zuwa Ostireliya har ƙarshen rayuwarsa. Ya bar wa Pierce kuɗi amana don kula da Fanny Kay, uwar ɗansa. Pierce ya cinye. Matar ta je ta faɗa wa hukuma, Agar kuma da ya ji labari ya fasa ƙwai. A shari'ar Janairu 1857 Tester da Burgess suka samu korar shekara 14 kowanne, saboda su ma'aikatan kamfanin ne da suka ci amana. Pierce ya samu shekara biyu.

Irin su Agar ba su da yawa, kuma ba su zaune a St Giles. Gidajen haya masu kyau suke kamawa da sunan aro, maƙwabta na ɗaukarsu 'yan kasuwa.

Daga igiya zuwa jirgin ruwa zuwa ɗakin kaɗaici

A farkon ƙarnin laifuffukan da hukuncinsu rataya ne sun haura 200 a dokar Ingila, ciki har da satar kayan sule biyar a shago da na sule 40 a cikin gida. Tsananin ya yi yawa har ya hana dokar aiki: masu taya alƙali yanke hukunci sukan rantse cewa kayan na sule 39 ne don su ceci wuyan mutum, wasu masu kaya kuma su ƙi kai ƙara sam. A 1808 ɗan majalisa Samuel Romilly ya sa aka cire yankan aljihu daga jerin, aka ci gaba da ragewa, zuwa 1861 sata ta fita gaba ɗaya.

Abin da ya maye gurbin rataya shi ne kora zuwa ƙasar waje. Tsakanin 1788 da 1868 an kwashi fursunoni kimanin 162,000 zuwa Ostireliya, yawancinsu kan sata. Amma mazauna can suka gaji da karɓa: New South Wales ta daina a 1840, Tasmaniya a 1853, jirgi na ƙarshe ya sauke a yammacin Ostireliya a Janairu 1868. Daga nan Birtaniya ta fuskanci abin da ta daɗe ba ta fuskanta ba: ɓarawon da aka ɗaure zai fito, kuma titin da ya bari zai dawo.

An gina sababbin kurkuku. A Pentonville, wadda aka buɗe a 1842, kowane fursuna na ɗakinsa shi kaɗai, in zai fita a rufe masa fuska, ko a coci an raba su da katako, da fatan kaɗaici zai kawo tuba. Wasu taɓin hankali ya kawo musu, har aka rage wa'adin kaɗaicin. A wasu gidajen yarin fursuna kan wuni yana taka wani babban gargare kamar mai hawa matakalar da ba ta ƙarewa, ko yana juya hannun wani akwati sau dubbai ba tare da yana niƙa komai ba. Dokar 1853 ta kawo takardar sallama ta talala, wadda ake ba fursuna mai ladabi kafin wa'adinsa ya cika. A 1862 aka shaƙe wani ɗan majalisa, Hugh Pilkington, aka ƙwace masa agogo a titin Landan. Jaridu suka ɗora laifin kan masu takardar talala, aka kafa dokar bulala a 1863. Daga wannan firgici ne dokar 1869 ta fito.

Yunwa, zaɓi, ko jini?

An yi saɓani sosai kan tushen matsalar. Rahoton hukumar bincike ta 1839, wanda Edwin Chadwick ya fi kowa tasiri a kansa, ya kammala cewa da wuya talauci ne ke sa sata. Kwaɗayin samun dukiya ba tare da wahalar aiki ba ne. Masu wannan ra'ayi na da hujja: miliyoyin talakawa sun sha yunwa ba su taɓa kayan kowa ba, kuma gwanin yankan aljihu na iya samu a dare ɗaya abin da lebura ba ya samu a mako.

Mary Carpenter ta Bristol da masu ra'ayinta suka ce a dubi shekarun da yaro ya fara. Wanda aka koya wa sata yana ɗan tara bai zaɓi komai ba, kuma kurkuku na ƙara gogar da shi ne. Matsin lambarsu ya taimaka wajen kafa dokar makarantun gyaran tarbiyya ta 1854, duk da cewa dokar ta wajabta wa yaron ya fara ɗanɗana kurkuku na kwana 14.

Ra'ayi na uku daga Italiya ya zo. A 1876 likita Cesare Lombroso ya yi iƙirarin cewa akwai wanda aka haifa mai laifi, ana gane shi ta siffar ƙoƙon kai da muƙamuƙi da kunne. Ya samu mabiya, amma a 1913 likitan kurkuku Charles Goring, bayan auna fursunonin Ingila dubbai, ya nuna babu wata siffar jiki da ta keɓanta da mai laifi.

Alƙaluma sun fi karkata ga masu duba yanayin rayuwa, ko da ba su rusa batun zaɓi ba. A rabin farko na ƙarnin shari'un sata kan ƙaru a shekarun tsadar abinci da rashin aiki, kamar 1842. A rabi na biyu, da albashi ya ɗan ɗaga, abinci ya yi sauƙi, aka wajabta makarantar firamare a 1880, 'yan sanda kuma suka kafu, sai sata ta riƙa raguwa duk da birnin na ƙara cika. Binciken Charles Booth da ya fara a 1886 ya gano kimanin kashi 30 cikin ɗari na mutanen Landan talakawa ne, amma rukunin da ya shafa wa baƙin launi a taswirar talauci da ya zana, wanda ya danganta da laifi, kusan kashi ɗaya ne kawai.

Wa dokar ta kama?

Doka da aka yi don gwanaye ta fi sauka a kan rukuni na biyu. Mai fasa akwatin ƙarfe na da kuɗin lauya da sunan aro da tikitin jirgi. Wanda ɗan sandan unguwa ya haddace fuskarsa shi ne wanda ya saci takalmi sau biyu. Rajistar riƙaƙƙun masu laifi da aka buɗe ta cika da sunayen irin waɗannan har ta yi wuyar amfani, aka koma ana tacewa. Dokar 1871 ta gyara wasu sassa, ta bar wa alƙali zaɓin sa ido, amma wanda aka sa wa dole ya kai kansa ofishin 'yan sanda kowane wata.

Babban cikas shi ne aiki. A wancan zamani ba a ɗaukar ɗan aikin gida ko yaron shago sai da takardar shaidar hali daga tsohon maigida, tsohon fursuna kuwa ba shi da ita. Tun a 1856, a wani taro da Mayhew ya kira na masu takardar talala, kukan da suka fi yi shi ne da zarar sun samu aiki sai labarin ɗaurinsu ya isa kunnen maigida, wani lokaci ta bakin ɗan sanda, a sallame su. Ƙofa ɗaya ce ba ta tambayar takarda, ita ce ta ɓarawon zaune.

Waɗanda ake yi wa satar ma yawancinsu talakawa ne: mai wankau da aka kwashe wa shanyar mutane, magini da aka ɗauke wa kayan aiki, yaro da aka tare a hanya aka ƙwace masa kuɗin aike. Da aka rushe wani ɓangare na St Giles a shekarun 1840 don shimfiɗa titin New Oxford, ba a gina wa mazauna wurin komai ba, sai suka ƙara cunkushewa a lungunan da suka rage.

Kariya ta ƙarshe da ta rage wa ɓarawon sana'a ita ce sauya suna. In aka kama shi a wata unguwa ya ba da sabon suna, sai a hukunta shi a matsayin mai laifin farko, in dai wani ɗan sanda ko gandiroba bai gane shi ba. A Faris Alphonse Bertillon ya fito da awon sassan jiki don gane tsohon mai laifi a shekarun 1880, sannan a 1901 Scotland Yard, hedikwatar 'yan sandan Landan, ta buɗe sashen zanen yatsa ƙarƙashin Edward Henry. Mutum na farko da wannan shaida ta ɗaure a Ingila shi ne Harry Jackson, a 1902. Ya shiga wani gida a Denmark Hill ya ɗauki ƙwallayen wasan tebur irin na sinuka, ya dafa bakin tagar da fentinta bai gama bushewa ba, babban yatsansa ya fito raɗau. Kotun Old Bailey ta ba shi shekara bakwai.